Agadas: Cinikin Ampili a Garin Masu Gita

Duk wanda ya tashi daga Tawa ya kama hanyar gudron da ta nufi arewa, wadda ake kira hanyar uraniyom, zai ga gonakin hatsi suna raguwa sannu a hankali har su ƙare. Bayan Abalak sai ƙasar makiyaya, sai ƙaya da rijiyoyi masu zurfi da garkunan raƙuma. Tafiyar kilomita wajen 400 ce daga Tawa zuwa Agadas, kuma abin da matafiyi yake fara hangowa shi ne hasumiyar babban masallaci, ginin laka mai tsawon mita 27, itatuwa sun fito daga jikinta ta kowane gefe. An kafa masallacin wajen shekara ta 1515, aka sake gina shi a 1844, sa'an nan a 2013 hukumar UNESCO ta sanya tsohon garin cikin kayan tarihin duniya.

Wannan ita ce Agadas ta rana, ta fadar Sarkin Abzin da maƙeran azurfa da kasuwar dabbobi. Amma idan la'asar ta yi sanyi, musamman lokacin da bukukuwan aure suka yawaita, garin yakan sake murya. Daga wata unguwa za ka ji injin wuta ya tashi, daga wata ka ji ana gwada lasifika, can kuma gita ta tsaga iska. A kan titi ko a wani fili ake shimfiɗa tabarmi, mata su zauna gefe guda cikin ado, samari masu rawani su kewaye wurin da babura, masu rawa su riƙa fitowa tsakiya ana yi musu liƙi. A gaban makaɗa, bisa kujera ko bisa tabarma, akwai wani baƙin akwati da ba wanda yake kallo, alhali in ya yi shiru biki ya watse. Sunansa ampili, watau akwatin ƙara sauti. Yadda matashi mai ƙaramin ƙarfi yake zaɓen wannan akwati shi ne abin da muka tsaya a kai a wannan mako.

Yadda gita ta zama sana'a

Gita baƙuwa ce a Abzin. Farin shekarun 1973 da 1984 ya kashe dabbobi, ya tura samarin Abzinawa neman aiki a Aljeriya da Libiya. Suka kira kansu ishumar, daga kalmar Faransanci mai nufin marasa aikin yi, kuma a can ne suka ɗauki gita suka zuba mata waƙoƙin kewar gida da na gwagwarmaya. Ƙungiyar Tinariwen ta ƴan Mali ita ce ta fi suna, a nan Nijar kuwa marigayi Abdallah Oumbadougou, wanda ya rasu a 2020, shi ne jagora. A zamanin tawayen farko kaset-kaset ɗin wannan kiɗa a ɓoye suke yawo daga hannu zuwa hannu. Da aka sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya ta 24 ga Afrilu 1995, sai gita ta fito fili, ta shiga bikin aure da na suna da tarukan siyasa. Abin da ake kaɗa wa mutum goma a bakin wutar shayi ya koma abin da za a kaɗa wa ɗaruruwa a filin Allah, daga nan ne bukatar ampili ta taso.

Dalili kuwa shi ne gita mai lantarki ba ta da ciki irin na gurmi ko garaya da zai riƙe amo. Katako ne tsagwaro. Tsirkiyoyinta na ƙarfe suna kaɗawa ne a saman wani maganaɗisu da aka naɗe da siririyar wayar tagulla, kaɗawar ta haifar da ƴar wuta mai rauni ƙwarai. Ampili ne yake karɓar wannan ƴar wuta ya girmama ta, ya miƙa wa lasifika, ita kuma ta tura iska zuwa kunne. Saboda haka wanda ya mallaki gita bai mallaki ampili ba, rabin kayan sana'a gare shi.

Mafi yawan makaɗan garin ba ƴaƴan masu hali ba ne. Mdou Moctar, wanda ya tashi a yankin Abalak da Cin-Tabaradan, da katako da wayar birkin keke ya haɗa gitarsa ta farko. Ƙungiyar Etran de L'Aïr, watau Taurarin Abzin, wadda ƴan'uwa suka kafa a 1995 a unguwar Abalan da ke gefen gari, da gita guda marar lantarki ta fara, gangarta kuwa ƙwarya ce a kife bisa ruwa ana bugu da takalmi. Ƙungiyar da ba ta da kayanta sai ta yi haya, kuma kuɗin haya daga cikin ladan biki ake cire shi tun kafin a raba. ƴan kasuwa sun san wannan lissafi sarai, domin daidai yake da na direban da yake tuƙa motar wani. Ranar da ƙungiya ta sayi ampilinta, ranar ce ta fara ci daga guminta. Ranar kuma da ta sayi rubabbe, kuɗin adashin uwa ko na akuyar da aka sayar ya tafi a banza, ga bashi, ga kunyar biki da ya mutu a hannunta.

Ta ina kayan suke shigowa

Ba a ƙera ampili a Nijar, kuma shi ba haja ba ne da ake kasawa kamar gishirin Bilma. Wani yakan zo daga kudu, daga kasuwar Sabon Gari ta Kano ko ta Alaba a Ikko, ya biyo ta Maraɗi ko Damagaram. Wani daga arewa, cikin kayan masu dawowa daga Libiya da Aljeriya. Wani kuma makaɗan da suka je wasa Turai da Amurka ne suke zuwa da shi. Saura kuwa na hannu ne, suna zagayawa tsakanin makaɗa, babba ya sayar wa ƙarami in ya sami wanda ya fi. Tun da kayan waje ne, farashinsu yana bin canji da duwan da lafiyar hanya. Waɗanda suka ga watan Janairun 1994, lokacin da aka karya darajar sefa da rabi, sun tuna yadda kuɗin kayan Faransa ya ninka a dare ɗaya. Haka nan da Najeriya ta rufe iyakarta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, duk abin da yake biyowa ta kudu ya yi wuya.

A irin wannan kasuwa mai saye ba shi da garanti sai idonsa da kunnensa. Amma mutumin Agadas ba baƙon wannan hali ba ne. A kasuwar dabbobi ba a sayen raƙumi don kyan launinsa. Ana buɗe bakinsa a duba haƙora, a duba tafin ƙafa da tozo, a durƙusar da shi a tashe shi, kuma kafin kome mai saye ya san aikin da zai ba shi, ko ayarin Bilma ne ko jan ruwan garka. Da wannan hankalin ya kamata a tunkari ampili.

Ƙarfi: abin da aka rubuta da abin da kunne yake ji

Tambayar farko ita ce inda za a yi kiɗan. A cikin ɗaki bango yana mayar da sauti, ƙaramin akwati ya cika wuri. A fili babu abin da yake mayarwa, amo yana tafiya ne ba ya dawowa, ga ganguna suna bugawa a gefe, ga ƙugin injin wuta. Ampili mai wat 10 ko 15 da ƴar lasifika mai inci 6 ko 8 na koyo ne a gida. In aka fitar da shi biki, ganga za ta haɗiye shi. Wanda zai yi kiɗa tare da ganguna yana bukatar lasifika mai inci 12 da ƙarfin da ya kai wat 50 ko kusa da haka.

Sai dai kada adadin wat ya ruɗi mai saye. Ninka wat sau biyu ƙari kaɗan ne a kunne. Sai an ninka wajen sau goma kafin mutum ya ce ƙarar ta ninka. Don haka tsakanin mai wat 50 da mai wat 100 tazarar sauti ba ta kai tazarar kuɗi ba, kuma lasifika mai kyau takan fi ƙarin wat amfani. Bugu da ƙari, wat iri biyu ake rubutawa. Wanda aka biyo shi da haruffan RMS shi ne na gaskiya, ƙarfin da akwatin yake iya riƙewa tsawon lokaci. Wanda aka biyo da PMPO kuwa ado ne na talla, shi ya sa za ka ga akwatin da yaro zai ɗauka da hannu ɗaya an rubuta masa wat dubu. Mai hankali ya juya bayan akwatin ya karanta ɗan allon da yake nuna wutar da yake sha, domin ba ampilin da zai daɗe yana fitar da abin da ya fi wanda ya ci.

Mai fitila ko mai taransisto

Ampili iri uku ne a duniya yanzu. Na farko mai fitila, wanda yake aiki da ƙwayayen gilashi irin na tsofaffin rediyo. Shi ne manyan makaɗan Turai suke yabo saboda zaƙin muryarsa, kuma da shi kamfanonin Fender na Amurka da Marshall na Ingila suka yi suna. Amma yana da tsada, yana da nauyi: Fender Twin Reverb ya kusa kilo 30. Fitilunsa suna zafi, suna tsufa, ba sa son girgiza, kuma masana'antun da suke yin su ƴan kaɗan ne, a Rasha da Silobakiya da Sin. A garin da zafi yake wuce digiri 40 a watannin Mayu da Yuni, inda kaya suke zuwa wurin biki a bayan babur ko a amalanke, wanda ya sa ɗan jarinsa a mai fitila ya sayi raƙumin sarauta ne alhali jakin ɗaukar ruwa yake bukata.

Na biyu mai taransisto. Ya fi araha, ya fi sauƙin ɗauka, ya fi jure wahala. Akwai waɗanda suka yi suna wajen ƙarko, irin su Peavey Bandit na Amurka mai lasifika guda ta inci 12, da Roland JC-120 na Japan wanda ake yi tun 1975, ko da yake shi wannan na biyu kuɗinsa da nauyinsa ba na mai farawa ba ne. Babbar falalar tsofaffin masu taransisto ita ce kayan cikinsu a rarrabe suke, ana ganinsu da ido. Mai gyaran rediyo na bakin kasuwa zai iya cire wanda ya ƙone ya liƙa wani da dalma.

Na uku shi ne na zamani mai ƙwaƙwalwa irin ta kwamfuta, kamar Boss Katana da ya fito a 2016, wanda yake kwaikwayon muryar ampili iri-iri a akwati guda. Ba shi da nauyi, kuma abin da yake bayarwa ya fi kuɗinsa. Illarsa guda ce: in ƙwaƙwalwar ta mutu, sai dai a sauya allon cikin ɗungurungum, allon kuwa sai an aika waje. Wanda yake da ɗan'uwa mai zuwa Turai yana iya sayensa. Wanda ba shi da kowa ya tambayi kansa tun kafin ya biya: in wannan abu ya tsaya ranar Alhamis, wa zai tashe shi kafin bikin Asabar?

Maganar kuran

Wutar Agadas tun 1981 daga gawayin ƙasa take, wanda kamfanin SONICHAR yake haƙowa yana ƙonawa a Anu-Araren kusa da Cirozerin. Amma biki ba ya bin layin kuran. Ana yin sa a unguwannin gefen gari da waya ba ta kai ba, ana yin sa a ƙauyukan dutsen Abzin, ana yin sa a Ingal lokacin taron makiyaya na ƙarshen damina. A irin waɗannan wurare ƙaramin gurup ne yake ba da wuta, wutarsa kuwa hawa take tana sauka, kuma wannan hawa da saukan ne yake kashe ampili fiye da tsufa. Na'urar daidaita wuta, wadda ake kira regilater, ba kayan alatu ba ce. Tana cikin kuɗin ampili.

Akwai wani tarko kuma da ya shafi kayan hannu. Wutar ƙasarmu volt 220 ce, ta Amurka kuwa 120. Ampilin da aka yi don kasuwar Amurka, in aka soka shi kai tsaye, ko dai fizibil ya tsinke in an yi sa'a, ko taransifon ciki ya ƙone. A duba ɗan allon baya, in 120 aka rubuta to sai an haɗa da taransifon rage wuta, kuɗinsa kuma a cire daga farashin da za a taya. Ga mai koyo da mai fita daji da abokai, akwai ƙananan ampili masu aiki da pil, irin su Roland Micro Cube da ya fito a 2004, mai wat 2 da pil 6. Ya isa zaman shayi a gindin dutse, amma kada a ɗora masa biki.

Gwaji kafin biya

Abokin gaba na ƙarshe shi ne ƙura. Iskar hunturu tana shigar da ita cikin maɓallan murɗawa da ramin da ake soka wayar gita. Mai saye ya zo da gitarsa da wayarsa, kada ya dogara da na mai sayarwa. Ya murɗa kowane maɓalli daga farko zuwa ƙarshe. Ƙarƙara kaɗan ƙura ce, ana wankewa, amma maɓallin da sauti yake yankewa a tsakiyarsa ya ci. Ya girgiza kan wayar a cikin raminta ya ji ko amo yana ɗaukewa. Ya duba takardar lasifika ko ta yage ko an liƙe ta, ya kaɗa tsirkiya mai kauri da ƙarfi ya saurara ko akwai karkarwa, domin sau da yawa an taɓa soka gitar bas a ciki ta gajiyar da ita. Ya shinshina bayan akwatin, warin ƙuna ba ya ɓuya. Sa'an nan ya bar shi a kunne rabin awa yana kiɗa, saboda akwai cutar da ba ta bayyana sai ƙarfe ya yi zafi.

Mai sayarwa zai ce: "Haba ƙanena, ka dubi sunan da ke jiki mana, daga Turai ya zo." Amsar mai wayo ita ce: "Na gani, Alhaji, Allah ya ƙara kasuwa. A yi mini haƙuri mai gyara ya buɗe bayansa, in lafiya lau ne ba za mu ɓata ba." Suna ƴar farantin roba ce da ake ɗaurawa da kusa biyu, kuma kayan jabu masu ɗauke da manyan sunaye sun cika kasuwannin duniya. Wanda ya ƙi a buɗe, ya riga ya ba da amsa.

Game da rabon kuɗi, a misalta matashi yana da jikka ɗari a hannu. Kuskure ne ya zuba su duka a akwatin. Gara ya nemi na jikka saba'in, ya bar talatin don regilater da waya mai kyau da tsirkiyoyin canji da ladan mai gyara, har da ɗan buhu ko bargon da zai riƙa rufe shi. Hausawa sun ce sayen nagari mayar da kuɗi gida, amma nagari a nan shi ne wanda ya dace da ƙura da gurup da bayan babur, kuma sau da yawa tsohon mai taransisto da aka gwada ya fi sabon da ba a san asalinsa ba.

Muryar da ta fita duniya

Abin lura shi ne da irin waɗannan kaya ne Agadas ta yi suna. Ƙaramin ampili in aka murɗe shi har ƙarshe don ya cika fili, muryarsa takan dushe ta yi kaushi. Masu ƙera shi aibi suka ɗauki wannan da farko, amma makaɗan garin suka saba da shi, suka gina salonsu a kansa. Da kamfanin faifai na Sublime Frequencies na Amurka ya fitar da kiɗan Group Inerane a 2007 da na Group Bombino a 2009, wannan kaushin yana cikin abin da ya ja kunnen Turawa. Waƙoƙin farko na Mdou Moctar, waɗanda ya ɗauka a Sakkwato a 2008, ta wayar salula suka bazu daga aljihu zuwa aljihu kafin kamfanin Sahel Sounds ya sa ɗaya a faifai a 2011. A Janairun 2010, bayan ƙarshen tawaye na biyu, Bombino ya yi wasa a gindin babban masallaci da yardar Sarkin Abzin, kuma faifansa Deran na 2018 ya sa ya zama ɗan Nijar na farko da aka tsayar takarar kyautar Grammy. Ba muna yabon talauci ba ne, domin kowane ɗayansu da ya sami hali ya sayi kaya masu kyau. Abin nufi shi ne babu wanda ya zauna jiran babban akwati kafin ya ƙware.

Kira ga ƴan kasuwa da hukuma

Akwai ƙofar ciniki a nan da ba a shiga sosai ba. Abin da makaɗi yake nema kullum ƙananan kaya ne: tsirkiya, wayar gita, kawunan waya, fizibil, maɓallai, lasifikar canji mai inci 12. Ba su da nauyi, ba sa ruɓewa, kuma mai bukatarsu ba ya iya jira. Ɗan kasuwar Maraɗi ko Damagaram da yake zuwa Kano, in ya ware musu kwali guda cikin lodinsa, ya kuma riƙe gaskiya wajen faɗin abin da yake jabu da abin da yake na asali, zai sami abokan ciniki na shekaru. Su kuma ma'aikatan da al'adu da koyon sana'a suke hannunsu, muna tuna musu cewa ƙasar da ta buɗe cibiyar koyar da kiɗa ta Alhaji Taya a Yamai tun 1989 tana iya koyar da gyaran kayan kiɗa ma. Kowane ampili da ke jingine a kusurwar ɗaki saboda taransiston da bai kai kuɗin buhun gero ba, abincin samari biyar ne ko shida ya tsaya, a jahar da aikin yi ya yi ƙaranci tun da masu yawon buɗe ido suka ɗauke ƙafa. Allah ya sa masu abin yi su ji, ya kuma ba matasanmu sana'a mai albarka.